Wutsiyar Kalma

Ranar Talata, bayan ƙararrawa ta biyu,
Malam Istifanus Maigari ke shigowa
da garin alli har gwiwar hannu.
Ta taga muna hango dutsen Kufena,
shi ma shiru, kamar bai yi aikin gida ba.

"A wannan harshe," in ji Malam,
"wutsiya ce ke jan kare."
Ya rubuta nauta, nautam, nautae,
muka bi shi da baki ɗaya
kamar kwaɗin fadama bayan ruwan farko.

Nauta, wai matuƙin jirgin teku.
Mu da Kubanni ce iyakar ruwanmu,
wadda da rani muke naɗe wando mu tsallake,
mu ne muka kwana muna juya matuƙi:
shi ya yi, shi aka yi wa,
nasa ne, gare shi, daga gare shi.
Gambo Lere ya ce mutumin nan ya fi kuturu shan wahala.
Ya samu bulala biyu, matuƙi bai gode masa ba.

Nautam puella vocat.
Na ɗauke ta yadda uwata ta koya mini magana,
na farko a layi shi ne mai aiki,
na rubuta: matuƙi ya kira yarinya.
Jan biro ya ratsa ta kamar tsagar wanzami.
"Zubairu, wanda ya riga zuwa kasuwa
ba lallai shi ne mai shanu ba.
Dubi mim ɗin nan a gindinsa.
Kiransa aka yi. Yarinyar ce da murya."

Aikatau kuwa sai can ƙarshen jimla,
kamar tsokar da ta nutse a ƙasan kwano,
sai ka cinye tuwon kafin ka san
ko an yi kira ne, ko an yi kisa.

Ran hutu na hau keke daga Wusasa zuwa birni.
Kakana Malam Haladu na zaure, kan buzu,
ya ce, "Me Nasara suke zuba muku a kai?"
Na buɗe littafin ina jin kunya.
Ya sa na karanta sau uku,
yana bin bakina da ido, ba takardar ba.
Sai ya bushe da dariya har carbi ya faɗi.
"Ai wannan li'irabi ne, ja'iri!
Rufu'a ga mai yi, fataha ga wanda aka yi wa.
Shekara nawa Zaidu yana dukan Amru a zauren nan?
Ashe su ma suna da Amrunsu."

Ya tsince carbin. "Su wa ke magana da shi?"
Na ce, "Babu kowa, Baba, sun ƙare."
Ya daɗe bai ce uffan ba.
"To, ka riƙa wanke baki kafin ka faɗa.
Marayu ne."

Ban zama komai da Latin ba.
Shekara talatin na yi ina buga tikiti a tashar jirgin ƙasa,
Malam Istifanus yana kwance bayan coci,
Gambo ya bi ɗansa Fatakwal,
shi kaɗai cikinmu ya ga teku,
ya aiko cewa ruwa ne kawai, da yawa.

Jiya jikata Hajaru tana kwashe adaka
ta ciro littafin, da bangonsa shuɗi.
Jan biron na nan, bai kwanta ba.
Amma gara ta bi gefen dama ta cinye,
layi bayan layi,
ta ɗauke ƙarshen kowace jimla.
Matuƙi na nan, yarinya na nan.
Hajaru ta ce, "Kaka, me ta yi masa?"
Na gyara tabarau, na kai takardar bakin ƙofa,
na ce ta ba ni minti ɗaya.